SSD ko firosesa: jan hankali ga masu kwamfuta mai saiɓi

Edita,

Assalamu alaikum. Da fatan kana lafiya tare da dukkan abokan aikinka, Allah ya ƙara basira. Don Allah ka ɗan ba ni fili a shafin wasiƙu in yi magana da 'yan uwana masu kwamfuta, musamman ɗalibai da malaman makaranta da masu bizines santa, a kan wata asarar kuɗi da nake gani kusan kullum a bakin sana'ata ta gyaran kwamfuta a nan Kano. Mutum ne kwamfutarsa za ta fara saiɓi, ya kunna ta ya je ya yi alwala ya dawo ba ta gama buɗewa ba, sai kawai ya yanke hukunci da kansa wai firosesa, wato ƙwaƙwalwar da ke yi wa kwamfuta lissafi, ita ce ta yi ƙanƙanta, ya zo yana cewa Malam a canza min zuwa Core i7, ko kuma ya kai ta kasuwa ya karyar ya cika kuɗi ya ɗauko wata mai sitikar i7 a jiki, kafin wata ya zagayo ya dawo da irin kukan da ya zo da shi tun farko. Ni dai abin da na gani da idona shi ne a mafi yawan irin waɗannan kwamfutoci firosesa ba ta da laifin komai, tsohon hadisk, wato ma'ajiyar fayiloli, shi ne yake riƙe ta, kuma SSD, sabuwar irin ma'ajiya da ke maye gurbinsa, shi ne maganin, ga shi ya fi araha nesa ba kusa ba.

Bari in ɗan yi bayanin dalili saboda kar a ce talla nake yi. Hadisk ɗin da ke cikin yawancin laftof ɗin da ake shigo mana da su na hannu faifai ne na gaske yake juyawa a ciki, akwai wata 'yar allura da take yawo a samansa tana neman inda aka ajiye abu. Na laftof yawanci yana juyi 5400 a minti ɗaya, wato sau 90 a daƙiƙa, na kwamfutar tebur kuma 7200. Ka ji kamar gudu ne sosai ko? Toh a wurin firosesa wannan tafiyar hawainiya ce, domin duk lokacin da aka nemi wani ɗan fayil sai allurar ta matsa ta je wurin sannan ta jira faifan ya juyo, kuma Windows idan za ta tashi ba babban fayil guda take karantawa ba, dubban ƙananan fayiloli ne a warwatse, wannan a can wancan a nan. Irin wannan aiki na tsince-tsince hadisk bai fi ya yi kamar guda ɗari a daƙiƙa ba, SSD kuwa da babu abin da ke motsi a cikinsa yana yin dubun dubata. Ko a karatun babban fayil ma, hadisk ɗin laftof yana wajen megabait 100 a daƙiƙa ne idan yana da lafiya, SSD na SATA kuma, wato mai amfani da irin mahaɗin hadisk, yana kai wa 500 da ɗoriya. Kamar gidan biki ne, ka ɗauko gwanar mai girki amma yaron da ke ɗauko mata kayan miya daga sito gurgu ne, ko ka kore ta ka kawo wadda ta fi ta iya girki abinci ba zai sauka da wuri ba, ita ma zama za ta yi tana jiran yaron.

Kuma ba sai an yarda da maganata ba, kowa zai iya dubawa da kansa ba tare da ya biya ko sisi ba. Lokacin da kwamfutar ta maƙale ɗin nan, linzami ya koma zobe yana ta juyawa, ka danna Ctrl da Shift da Esc a tare, Task Manager zai buɗe, ka shiga inda aka rubuta Performance. Za ka ga CPU wato firosesa, ka ga Memory wato ram, ka ga Disk wato hadisk ko SSD, kowanne da lambarsa. Abin da na fi gani a teburina shi ne CPU tana kan 10 ko 15 cikin ɗari tana hutawarta, Disk kuma ya kafe a kan 100 ya ƙi sauka, layin ya manne a sama kamar an ja shi da rula, idan ka kara kunne a jikin laftof ɗin ma za ka ji ɗan ƙaran nan ƙir-ƙir-ƙir na allura. Wanda ya ga haka a tasa ya manta da maganar firosesa. Idan kuma CPU ce ta kafe a 100 alhali Disk yana ƙasa, toh nan akwai magana, zan zo kanta. A sababbin Windows ma a ƙarƙashin Disk ɗin ana rubuta ko HDD ne, wato hadisk, ko SSD, saboda haka mai sayen ta hannu ya duba nan kafin ya miƙa kuɗi, kar ya tsaya ga abin da mai shago ya faɗa.

Abu na biyu da mutane ba su sani ba, kuma a nan gizo ke saƙa, shi ne yawancin laftof ba a ma iya canza musu firosesa. A da ana iyawa, irin su Dell Latitude E6420 da E6430 da ThinkPad T420 da T430 har zuwa T440p firosesarsu a soket take, wato gurbin da ake zaunar da ita, ka warware sukuru guda ka ɗaga ta ka sa wata. Amma tun daga jenareshan na biyar, wato zubi na biyar na firosesocin kamfanin Intel, aka daina wannan a laftof, narka ta ake yi da dalma a jikin bod, babban allon da komai ke haɗe a kansa, kuma tun kafin nan ma duk wadda lambarta ta ƙare da harafin U, kamar i5-4300U ko i5-6300U da suka cika kasuwanninmu a cikin siraran laftof, a manne take. Idan wani ya ce maka zai canza maka firosesar irin wannan to ɗayan biyu ne, ko dai bod ɗin gaba ɗaya zai canza, wanda kuɗinsa ya kusa na wata laftof ɗin, ko kuma zai sa mata wuta ya ɗaga ta da injin zafi, aikin da ko gwanaye ba kullum yake yi musu kyau ba. Akwai kuma na uku da ba na so in faɗa amma dole, wanda zai canza sitika kawai. An taɓa kawo min wata daga wani shago, sitika tana cewa i7, na buɗe Task Manager na ga i5 ce tsohuwa, mai ita har ya ba da kuɗin aiki ya yi godiya, bawan Allah.

Ita kanta kalmar i7 ɗin nan ta zama abin yaudara a kasuwa. Mutane sun haddace cewa 7 ta fi 5, 5 ta fi 3, shi ke nan, ba ruwansu da shekarar da aka yi ta. Lambar da ke bayan ɗan layin nan ita ce ke nuna jenareshan, i5-3320M ta uku ce ta wajen 2012, i5-8250U ta takwas ce ta 2017. Misali ɗaya ya isa: i7-7500U kwo biyu gare ta, wato sassan lissafi biyu a cikinta, i5-8250U da ta fito bayanta kwo huɗu gare ta, saboda haka a aiki mai nauyi wannan i5 ɗin ta yi wa waccan i7 ɗin fintinkau. Akwai i7 ta 2010 ma da har yanzu take yawo a hannun mutane ana yi mata kirari. Ba girin-girin ba dai a yi mai. Ni da a ba ni i7 mai tsohon hadisk da i5 mai SSD a ce in zaɓa don aikin ofis da rubuta furojet da shiga intanet, wallahi ba zan ko kalli i7 ɗin ba.

Sai maganar zafi da ƙura, wadda ita tamu ce ta nan Arewa. A watan Afrilu zafin Kano yana haura digiri 40, ga ƙurar hunturu da ta riga ta shige ta toshe fanka tun watannin baya, ga mutanenmu da ɗora laftof a kan katifa ko dadduma inda iska ba za ta shiga ta ƙasa ba. Firosesa idan zafinta ya doshi digiri 100 da kanta take rage gudu don kar ta ƙone, sai mai ita ya ga kwamfuta ta yi nauyi ya ce ƙarama ce. Ka buɗe irin wannan ka ga ƙura ta yi dunƙule a bakin fanka kamar audugar katifa, man da ake shafawa tsakanin firosesa da ƙarfen da ke ɗauke zafi ya bushe ya zama gari. A share, a sa sabon mai, sai ka ga ta dawo hayyacinta. Wanda ya sa firosesa mafi ƙarfi a cikin wannan hali ya ƙara wa kansa zafi ne kawai, don babbar ta fi cin wuta ta fi fitar da zafi, batir ma ya ƙara saurin ƙarewa, mu da wutar NEPA sai an ga dama.

Ram, wato ma'ajiyar wucin gadi da kwamfuta ke ɗora aikin da take yi a lokacin, shi ma yana da nasa. Gig 4 a yau ya yi kaɗan, Windows kaɗai ta cinye fiye da rabi, ka buɗe Chrome da shafuka biyar shida ka ƙara Word shi ke nan ya cika, kuma idan ram ya cika Windows kan koma tana aron wuri a hadisk, wato abin da dama shi ne mai saiɓin aka ƙara masa kaya. Shi ya sa nake ce wa mai ƙaramin ƙarfi ya fara da SSD, idan Allah ya hore ya kai ram gig 8. A dai kula da irinsa, DDR3 daban DDR3L daban DDR4 daban, a duba wanda ke ciki kafin a saya.

Yanzu kar masu aikin bidiyo su ce na yi musu rashin adalci. Akwai waɗanda firosesa ce matsalarsu da gaske. Yaranmu masu haɗa bidiyon biki da masu tace finafinai da Premiere Pro, da ɗaliban zanen gine-gine na ABU da sauran jami'o'i masu yin renda, wato fitar da kammalallen hoton zane, da masu haɗa kiɗa a situdiyo, waɗannan SSD zai sa manhajar ta buɗe da sauri, fayil ya shigo da sauri, amma lokacin fitar da bidiyo ko renda ba zai ragu da wani abin kirki ba, domin wannan lissafi ne tsagwaronsa, aikin firosesa ne da katin girafik. Su za su ga CPU ta kafe a 100 fanka tana ihu. Haka kuma ƙananan laftof ɗin nan masu Celeron da ake saya wa yara, waɗanda ma'ajiyarsu gig 32 ko 64 ce a manne a bod, da yawansu ba wurin sa SSD ba kuma halin canza firosesa, gaskiyar magana irin wannan sai dai haƙuri ko a sayar a sayi wata, duk kuɗin da aka zuba mata ba zai dawo ba.

Masu kwamfutar tebur su ne suke da zaɓi na gaske, don tasu firosesar tana cirewa. Amma su ma ba haka kawai ake zuwa kasuwa a ɗauko ba. Dole soket ya dace, bod ya yarda da ita, wani lokaci sai an sabunta BIOS, 'yar manhajar da ke cikin bod ɗin. Jenareshan na biyu da na uku na Intel soket ɗinsu LGA1155, na huɗu LGA1150, ba sa shiga na juna. Wani abin haushin ma, na shida da na bakwai da kuma na takwas da na tara duk sunan soket ɗinsu LGA1151, amma firosesar jenareshan na takwas ba za ta yi aiki a bod ɗin na shida ba, za ta zauna daram a ciki ka kunna ka ga baƙin allo. A nan kam AMD sun kyauta wa mutane, soket ɗinsu na AM4 ya ɗauki Ryzen tun daga jerin 1000 har zuwa 5000 a bod da yawa idan an sabunta BIOS, sai dai ba su cika yawa a hannun mutanenmu ba kamar Intel. Duk da haka mai bizines santa da yake buga takardu da CorelDRAW da rajistar jarrabawa ta intanet, ko da tasa ta tebur ce, ni SSD zan ce ya fara sawa, idan ya ga bai gamsu ba sai a yi maganar ɗaga i3 zuwa i5 na jenareshan ɗaya, su kam na hannu ba su da tsada sosai.

Akwai wani abu da ya shigo cikin lissafin nan wanda dole in ambata don kar wani ya zarge ni gobe. Microsoft ta kawo ƙarshen tallafin yau da kullum na Windows 10 ranar 14 ga Oktoba 2025, kuma Windows 11 a ƙa'ida tana son firosesar Intel daga jenareshan na takwas zuwa sama ko Ryzen 2000 zuwa sama, da wani abin tsaro da ake kira TPM 2.0. SSD ba zai warware wannan ba. Na san akwai dabarun da muke yi a ɗora ta a kan tsofaffi kuma tana tafiya, amma kamfanin bai ɗauki alhakin haka ba. Saboda haka wanda tasa ta jenareshan na uku ce ko na huɗu ya sa SSD matsakaici ya ci gaba da lallaɓawa, kar ya narka mata dukiya, kuɗin da zai kashe neman i7 tsohuwa ya tara su ya sayi ta takwas ko sama nan gaba. Daɗin abin shi ne SSD ɗin ba asara ba ne, ranar da ya canza kwamfuta zai iya cire kayansa ya tafi da shi, firosesar tsohon soket kuwa ta mutu tare da bod ɗinta.

Toh sai sayen SSD ɗin kansa, nan ma akwai rami. Da farko a san irin wanda kwamfutar ke ɗauka. Akwai mai faɗin inci 2.5 wanda yake shiga daidai gurbin tsohon hadisk, shi ne na yawancin tsofaffin laftof. Akwai siriri mai kama da sandar cingam da ake kira M.2, shi kuma iri biyu ne, akwai na SATA akwai NVMe, kamanninsu kusan ɗaya amma ba kowane gurbi ne ke karɓar duka biyun ba, na sha ganin wanda ya sayo NVMe ya zo aka sa kwamfuta ta ƙi ganinsa, mai shago kuma ya ce kaya sun fita ba sa dawowa. NVMe yana kai wa megabait 3500 a daƙiƙa, sababbi ma 7000, amma kar wannan lamba ta ruɗi kowa, tsallen da za ka ji a jikinka shi ne daga hadisk zuwa SSD ko wane iri ne, daga SATA zuwa NVMe kuwa a aikin Word da intanet da ƙyar za ka lura. Mafi sauƙi ka je da laftof ɗin a buɗe a gani, ko ka nemi lambar samfurinta a intanet.

Na biyu jabu. Araha ba ta ado. Akwai masu kwali mai sheƙi da sunan babban kamfani, an rubuta tera ɗaya, ka zuba kaya su wuce wani ɗan adadi sai fayiloli su fara lalacewa don ainihin abin da ke ciki bai kai ko kusa ba. Akwai kuma tsoho da aka cire daga wata kwamfutar aka goge aka sa a leda a matsayin sabo. Manhajoji biyu na kyauta suna tona asirin duka: CrystalDiskInfo zai nuna maka awa nawa SSD ɗin ya yi yana aiki da kuma lafiyarsa, sabo bai kamata ya nuna dubban awanni ba, H2testw kuma zai cika shi da bayanai ya sake karantawa ya gaya maka gaskiyar girmansa. Ka gwada a gaban mai shagon ko ku yi yarjejeniya da shaida cewa za ka dawo da shi idan ya faɗi. Ba na cewa na hannu haramun ne, ina sa wa mutane su kuma suna aiki lafiya, amma a sayar da shi da sunan na hannu a kuɗin na hannu. Wajen girma kuma gig 128 ya yi matsi yanzu, Windows da Office da sabuntawa za su cinye shi, 256 shi ne mafi ƙaranci da nake ba da shawara, mai hali ya ɗauki 512, kuma kar a cika shi maƙil, a bar masa ɗan sarari don idan ya cika gudunsa raguwa yake.

Wasu suna tsoron wai SSD yana da iyakar rubutu zai ƙare da wuri. Iyakar tana nan da gaske, amma Samsung 870 EVO mai gig 500 alal misali kamfanin ya ba shi garantin terabait 300 na rubutu ko shekara biyar, ɗalibi ko malamin makaranta kwamfutar za ta tsufa ta mutu bai kai nan ba. Ga shi ba ya tsoron girgiza, wanda yake saka laftof a jaka ya hau adaidaita sahu a hanyoyinmu masu ramuka ya san abin da nake nufi, hadisk da yawa a nan suke gamuwa da ajalinsu musamman idan ba a kashe kwamfutar gaba ɗaya ba. Aibinsa guda da ba na ɓoye wa kowa shi ne ba ya sallama idan zai tafi. Hadisk yakan yi ta ƙara yana ba ka alama kwana da kwanaki, SSD kuwa yau lafiya gobe babu, kuma ciro bayanai daga mataccen SSD aiki ne mai wuya da tsada, mu nan yawancinmu ba mu da kayan yinsa. Ɗalibai masu furojet da tesis don girman Allah ku riƙa ajiye kwafi a filashi ko Google Drive ko ku tura wa kanku ta imel, na ga hawayen manya a kan wannan.

Tsohon hadisk ɗin kuma kar a bar wa mai gyara shi sai in kyauta aka yi niyya, naka ne, kuma hotunan iyalinka da takardunka suna ciki. Idan laftof ɗin tana da gurbin DVD akwai wani ɗan gida da ake kira kadi, a cire DVD ɗin a sa hadisk a wurin ya zama ma'ajiyar finafinai da karatuttuka, sai dai a auna kaurin don akwai na milimita 9.5 akwai na 12.7. Idan babu gurbin sai a saya masa kes na USB ya koma na waje. Windows da manhajoji dai su zauna a kan SSD, kuma ni na fi son a ɗora sabuwar Windows fes maimakon a kwafo tsohuwar da duk tarkacenta, sai in akwai wata manhaja mai lasisi da ake tsoron rasawa, nan sai a yi kulonin, wato a kwafe tsohon hadisk ɗin gaba ɗaya zuwa SSD.

Na gode Edita da wannan dama, Allah ya ƙara wa jarida ɗaukaka. Wassalam.

Naku,
Wani mai gyaran kwamfuta, Kano